Yadda za ku daidaita siffar kod a laburaren haɗin gwiwa ba tare da kun rikita tarihinsa ba

Tambaya: Assalamu alaikum, Yaya. Mu bakwai ne muke haɗa hannu a wani laburaren Python da ke juya kwanan wata tsakanin kalandar Ummul Ƙura da ta Miladiyya, yana kuma fitar da sunayen watanni da boko da ajami da Larabci. Huɗu muna Madina, biyu suna Jidda, ɗaya yana Kassala. Fayil ya kai 60, kuma kowa da salon rubutunsa: wani tab, wani tazara huɗu, wani layinsa sai ka ja allo kafin ka ga ƙarshensa. Rabin gardamar da muke yi wajen duba aikin juna a kan wannan ne. Muna so mu koma salo ɗaya, amma a Git, manhajar da ke riƙe mana tarihin kod, akwai rassan aiki tara da ba a haɗe ba tukuna. Ta ina za mu fara?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Salon da za ku zaɓa shi ne mafi sauƙin abin da ke gabanku, kada ku ɓata fiye da zama ɗaya a kansa. Abin da ke cinye muku lokaci shi ne mutane ne ke yanke hukunci a kan waƙafi da tazara, kowane mako, a kowane aikin da aka kawo. Wannan hukunci ku cire shi daga hannun mutum ku damƙa wa manhaja. Inda ake samun ɓarna kuwa shi ne ranar sauyin kanta, kuma kusan duk ɓarnar da ake yi a ranar tushenta ɗaya: an cakuɗa gyaran siffa da gyaran ma'ana a komit guda, wato ƙunshin canji ɗaya da ake ajiyewa a tarihin Git.

Kayan aiki iri biyu ne, mutane suna yawan ɗaukarsu abu ɗaya. Akwai mai daidaita siffa, irin Black ko gofmt ko clang-format ko Prettier: yana karanta kod ɗinka ya sake rubuta shi da tsarinsa, ba ya neman ra'ayinka. Akwai kuma mai bin diddigi, irin flake8 ko pylint: shi nuna maka yake yi cewa ga abin da ka shigo da shi ba ka yi amfani da shi ba, ga sunan da ba a ayyana ba, gyaran kuma naka ne. Na farkon za ku fara da shi. In kuka kunna na biyun a rana ɗaya da shi, zai zubo muku ƙorafi ɗaruruwa, kowa ya shiga gyara da hannu, shi ke nan kun rasa rabuwar da nake magana a kai.

A Python kuna da PEP 8 tun 2001, wanda Guido van Rossum da Barry Warsaw suka fara rubutawa: tazara huɗu, layi kada ya wuce harafi 79. Amma PEP 8 takarda ce, mutum biyu za su bi ta sau da ƙafa su fito da kod mai kama daban. Shi ya sa nake ba ku shawarar Black, wanda Łukasz Langa ya fitar a 2018. Dalilina biyu ne. Na ɗaya, bayan ya gama sake rubuta fayil yana kwatanta bishiyar ma'anar kod ɗin kafin da bayan gyara, in ta bambanta sai ya ƙi ajiye fayil ɗin. Na biyu, tun sigar 22.1.0 ta Janairun 2022 yana da alƙawarin cewa salonsa ba ya canzawa sai sau ɗaya a shekara, a sigar farko ta sabuwar shekara. Django ma sai da ya jira wannan sigar kafin ya bi duk kod ɗinsa da Black a Fabrairun 2022, alhali an amince da shawarar tun 2019. Ruff shi ma yana da mai daidaita siffa tun 2023, ya fi sauri nesa, kuma salonsa kusan na Black ne. A fayil 60 saurin ba zai dame ku ba. In kun fi son Ruff ku ɗauka, amma ɗaya tak. In rabinku na kan wannan rabi na kan wancan, 'yan wuraren da suka saɓa za su riƙa kai-komo a kowane komit, wannan ya gyara wancan ya mayar.

Ku bar tsawon layi a 88 ɗin da ya zo da shi. Za a sami wanda zai ce 100, wani ya ce 120 don allonsa faffaɗa ne. Ku tuna masa cewa wani a waya yake duba aikin, wani kuma yana buɗe tsohon kod da sabo gefe da gefe. Maganar alamar zance kuwa, harshenmu ya riga ya yanke muku. Black yana mayar da alama mai ƙafa ɗaya zuwa mai ƙafa biyu, kuma ku dubi kalmomin da ke cikin laburarenku: Sha'aban, Rabi'ul Awwal, Jumma'a. Da mai ƙafa ɗaya sai kun riƙa sa sandar kariya kafin kowace hamza, da mai biyu kuwa "Sha'aban" kawai za ka rubuta ka wuce.

Saitin gaba ɗaya bai fi haka ba a cikin pyproject.toml:

```
[tool.black]
line-length = 88
required-version = "25"
force-exclude = "tests/data"

[tool.isort]
profile = "black"
```

Layin required-version kada ku raina shi. Shi ne zai hana Black ɗin wanda bai sabunta nasa ba taɓa fayilolinku. Misali, sigar 2024 ta fara tilasta barin layi ɗaya fanko bayan bayanin da ke saman fayil, da wasu sauye-sauye irinsa. Mai sabuwar siga da mai tsohuwa in suna aiki a rumbu ɗaya, komit ɗinsu zai cika da canjin da babu wanda ya nufa. Kuma na sa force-exclude da gangan maimakon exclude: shi exclude yana aiki ne kawai in Black ne ke neman fayiloli da kansa, in wata manhaja ta miƙa masa sunan fayil kai tsaye, kamar yadda pre-commit, mai gudanar da bincike kafin kowane komit, ke yi, sai ya gyara shi ko da kun ware shi. In kuna amfani da flake8, ku kashe masa dokar E203, ku ɗaga iyakar layinsa zuwa 88, in ba haka ba zai riƙa ƙorafi a kan abin da Black ya rubuta da hannunsa.

Yanzu ranar sauyi. Kada ku sa ta kusa da shigowar azumi ko lokacin aikin Hajji ko makon jarrabawa. Laburaren kwanan Hijira lokacin da aka fi buƙatarsa ke nan, ku kuma lokacin da kuka fi ƙarancin sukuni. Ku zaɓi wata Asabar da kowa ke hutu, ku faɗi sa'ar da agogon Makka don na Kassala ya rage awa ɗaya, ku sanar mako biyu kafin nan. A cikin makonni biyun, duk reshen da ya nuna a haɗe shi, wanda ya mutu a rufe shi. In tara suka koma uku, rabin wahalar ta tafi.

Kafin ranar, a yi komit na shiri, wanda ni zan kira shi A. A cikinsa ne duk abin da hannun mutum zai taɓa yake shiga: saitin pyproject.toml, fayil ɗin .editorconfig, fayil ɗin .gitattributes, da alamomin hana gyara a wuraren da ba ku so Black ya shiga. Bayan A, sai komit na inji zalla, kowanne da umarni ɗaya da ya samar da shi, a rubuta umarnin da sigar manhajar a saƙon komit ɗin.

Na farko a cikinsu ƙarshen layi ne. Windows yana rufe layi da alama biyu, CR da LF, Linux da Mac kuwa LF kaɗai. Tunda a cikinku akwai masu wannan da masu wancan, ina da tabbacin rumbunku a gauraye yake, kuma shi ne dalilin da wani lokaci mutum zai canza layi ɗaya Git ya nuna fayil ɗin gaba ɗaya ya canza. Black ba zai warware muku wannan ba, domin yana bin irin ƙarshen layin da ya tarar a layin farko na fayil. Magani yana cikin .gitattributes:

```
* text=auto eol=lf
*.bat text eol=crlf
*.ttf binary
tests/data/** -text
```

Sai a gudu git add --renormalize . a yi komit. Kada ku dogara da core.autocrlf, wannan saitin kwamfutar mutum ɗaya ne, ba ya bin rumbu zuwa wurin kowa.

Na biyu jera abubuwan da ake shigowa da su a saman fayil, da isort. Na raba shi da Black ne saboda shi yana iya canza halin kod. A Python, shigo da fayil gudanar da shi ne. In fayil ɗin watanni yana shigo da na kalanda, na kalanda kuma yana komawa ya shigo da na watanni, mai yiwuwa tsarin da suke a yanzu ne kawai ya sa abin yake tafiya. Ka jera su bisa haruffa sai ImportError ya fito. Fayil ɗin __init__.py ne wurin da aka fi cin karo da wannan. A gudu gwaje-gwaje bayan wannan komit shi kaɗai. In ya fashe, kada a gyara a nan. A koma A, a sa alamar isort: skip_file ko a warware zagayen a can, a sake gudu.

Na uku black . kawai, komit, babu ƙari. Wannan na ƙarshe shi zan kira B. A nan ne shaiɗan yake zuwa: mai gudanar da aikin zai hango kuskuren rubutu a wani sharhi, ko wani aikin da ba a kira ko'ina, hannunsa ya yi ƙaiƙayi. Ya rubuta a takarda, ya bari sai gobe.

Duba wannan aiki ba ya buƙatar karanta layi dubu huɗu. Mai dubawa ya sauko da A a kwamfutarsa, ya gudu umarnin nan uku da siga iri ɗaya, sannan ya yi git diff da B. In babu bambanci ko harafi ɗaya, ya amince. Sai a tabbatar adadin gwaje-gwajen da suka gudu kafin da bayan sauyi ɗaya ne. "Duk sun wuce" bai isa ba, domin gwajin da ya daina guduwa ma ba ya faɗuwa.

Duk da binciken da Black yake yi wa kansa, akwai abubuwan da ba ya cikin bishiyar ma'ana. Sharhin noqa, mai hana flake8 ƙorafi, da ke ƙarshen dogon layi, in aka karya layin gida huɗu, yana iya sauka a layin da ba shi ake nufi ba, sai flake8 ya fara ƙorafin da ya daɗe da yin shiru a kai. Bayanin da ke ƙarƙashin sunan aiki ma Black yana gyara masa tazara. In kuna da gwajin da ke kwatanta wannan bayanin harafi da harafi, ko mai dogaro da lambar layi, zai faɗi. Irin waɗannan a gyara su a komit na daban bayan B.

Teburin Ummul Ƙura shi ne babban abin da za ku kare. In kun rubuta tsawon watanni a jeri ɗaya, kowace shekara a layinta, lamba 12 a layi, to Black bai san wannan tsari ba. Jerin da bai shiga layi ɗaya ba yana fasa shi ne abu ɗaya a kowane layi. Shekara 100 za ta tashi daga layi 100 ta koma layi 1200 na 29 da 30, kuma babu mai iya gane Ramadan ɗin wace shekara yake kallo. Ku sa # fmt: off a samansa da # fmt: on a ƙasansa tun a komit A, a bar kaza cikin gashinta. Daga baya, in kun sami lokaci, ku mayar da kowace shekara jerin kanta a cikin baka. Layin zai shiga cikin 88, Black zai ƙyale shi, alamar ta fita. Kada dai # fmt: off ya zama mafakar wanda bai son salon. Teburi da makamantansa kawai.

Rassa ukun da suka rage, ga yadda mai kowanne zai yi, a jere. Ya haɗe A cikin reshensa, ya warware duk karon da ya fito, domin wannan karo na gaske ne, na ma'ana. Sai ya gudu umarnin nan uku a kan reshen gaba ɗaya, ya yi komit. Sai ya yi git merge -s ours da lambar B. Sannan ya haɗe babban reshe yadda ya saba. Abin da -s ours yake yi shi ne ya rubuta a tarihi cewa an haɗe B, amma bai ɗauki komai daga cikinsa ba. Hakan daidai ne, tunda duk abin da ke B injin ya riga ya yi irinsa a reshen. Ka ga dalilin da na hana gyaran hannu tsakanin A da B: da an saka gyaran wani kuskure a ciki, wannan matakin zai haɗiye shi shiru, ranar da reshen ya shiga kuskuren ya dawo, babu wanda zai san ta ina. Wanda ya tsallake wannan tsari ya haɗe babban reshe kai tsaye kuwa, zai tarar da karo a kusan kowane wurin da ya taɓa, ya kwana yana zaɓen layi da hannu.

Sai git blame, umarnin da ke nuna wanda ya taɓa kowane layi a ƙarshe, wanda shi ne abin da tsofaffin masu aikin suka fi jin tsoro, kuma da gaskiyarsu. Bayan B, layuka da yawa za su nuna sunan wanda ya gudu Black, tarihin wanda ya rubuta dabarar lissafin ya ɓuya a baya. Tun sigar Git 2.23 ta 2019 akwai magani. Ku buɗe fayil mai suna .git-blame-ignore-revs a tushen rumbu, ku zuba lambobin komit ɗin inji, cikakku masu harafi 40, ɗaya a layi. GitHub yana karanta fayil mai wannan suna da kansa tun 2022. A kwamfuta kuwa kowa sai ya gudu git config blame.ignoreRevsFile .git-blame-ignore-revs sau ɗaya. Kuskuren da ake yi a nan shi ne rubuta lambobin kafin aikin ya shiga babban reshe. In aka shigar da shi ta hanyar dunƙule komit ko ta sake ɗora su, lambobin suna canzawa, fayil ɗin ya zama yana nuni ga abin da ba ya cikin tarihin. Ku shigar da shi da haɗewa ta asali wadda ke barin kowane komit yadda yake, sannan ku kwafi lambobin daga babban reshe.

Yanzu abin da ya keɓanta da ku, wanda ba za ku tarar a yawancin jagororin salo ba, wato rubutun dama zuwa hagu a tsakiyar kod. Layin da ke da sunan wata da ajami, da lambarsa, da sunansa na boko, editoci suna nuna shi a hargitse: waƙafi ya yi tsalle, baka ta juya. Kod ɗin lafiyarsa ƙalau, nunin ne kawai. Amma wani zai ga haka ya saka alamar juya alƙibla wadda ido ba ya gani, irin U+200F, don layin ya yi kyau a allonsa. In ta faɗa cikin alamar zance, kalmar ta daina daidai da 'yar'uwarta da aka rubuta babu ita, gwaji ya faɗi, ku duba da ido ku ga kalmomi biyu iri ɗaya sak. Mai daidaita siffa ba ya taɓa abin da ke cikin alamar zance, don haka ba zai cece ku ba. Abin ma ya wuce rashin kyau: a Nuwamban 2021 Nicholas Boucher da Ross Anderson na Jami'ar Kambirij sun nuna yadda ake amfani da irin waɗannan alamomi, su U+202E, a sa kod ya nuna wa mai dubawa abu ɗaya, kwamfuta kuma ta gudanar da wani. Shi ne aka yi wa lamba CVE-2021-42574. Laburaren da ke cike da Larabci wuri ne mai kyau na ɓoye irin wannan, tunda ido ya saba da ganin layi a juye.

Ƙa'ida uku sun ishe ku. Kowane rubutun ajami ko Larabci ya zauna a layinsa shi kaɗai. In ka bar waƙafi bayan abu na ƙarshe a jeri, Black yana ɗaukar hakan a matsayin umarni, ya bar jerin a buɗe abu ɗaya a layi ko da zai shiga layi guda. Duk harafin da ido ba ya gani a rubuta shi da lambarsa, "\u200f", kada a manna shi kai tsaye. Sannan ku kunna dokar da ke kama alamomin alƙibla, E2502 a pylint, PLE2502 a Ruff. Ita kaɗai ce dokar bin diddigi da zan ce ku kunna tun ranar farko. Mafi tsabta a gaba shi ne sunayen watannin su fita daga kod su koma fayil ɗin JSON.

Wasula ma suna da nasu. Fataha U+064E ce, shadda U+0651, kuma kowacce harafi ce mai zaman kanta a wurin kwamfuta. Wani yana buga shadda kafin fataha, wani fataha kafin shadda, a allo ba bambanci, a kwatance kuwa kalmomi biyu ne daban. Wannan a cikin kod ake warware shi, da unicodedata.normalize("NFC", ...) a bakin shigar rubutu, wadda ke jera su tsari ɗaya. Fayilolin gwajinku kuwa dole su ƙunshi duka jerin biyu da gangan, da layi mai tazara a ƙarshe, da fayil mai CRLF, da mai alamar BOM a farko irin wadda wasu manhajojin Windows ke sakawa. Shi ya sa na ware tests/data a ko'ina. Ƙugiyar trailing-whitespace ta pre-commit, mai share tazarar ƙarshen layi, layi-layi take bi, ba ta san wannan tazarar ita ake gwadawa ba. Ta share, gwajin ya ci gaba da wucewa alhali ba ya gwada komai. Garin gyaran gira ke nan. Ku sa exclude: ^tests/data/ a saman .pre-commit-config.yaml. Haka kuma in flake8 ya ce layin ajami ya wuce iyaka alhali a ido gajere ne, ba ƙarya ya yi ba, kowane wasali ɗaya yake ƙirga shi.

Suna ba siffa ba ne, wannan ku ji shi da kyau. Za a sami mai cewa tunda ana gyara, a mayar da juyaKwana zuwa juya_kwana yadda PEP 8 ya ce. A manhajar da ku kaɗai ke amfani da ita babu laifi. A laburare kuwa, wani a Kano ko Zinder ya riga ya kira tsohon sunan a aikinsa, ranar da ya sabunta sai komai ya tsaya. In za ku sauya, ku ƙirƙiri sabon sunan, ku bar tsohon yana kiran sabon tare da DeprecationWarning, ku rubuta a takardar sauye-sauye, ku cire shi bayan siga ɗaya ko biyu. Ra'ayina kuma, sunayen da mutanen waje za su kira kada su ɗauki ƙ da ɗ da ɓ. Python 3 yana karɓarsu, amma mai allon buga Larabci da Ingilishi a Jidda ba shi da su a yatsa. Hausa ba matsala, kwanan_wata suna ne mai kyau. Masu lanƙwasa dai a bar su a sharhi da cikin alamar zance.

Bayan ranar sauyi, abin da zai riƙe tsarin hawa uku ne. Edita ya gyara da an ajiye fayil; masu VS Code su sa importStrategy na ƙarin Black a fromEnvironment, in ba haka ba zai yi amfani da sigar da ya zo da ita, ba wadda kuka ɗaure ba. Sai pre-commit, da lambar siga a rubuce a layin rev na .pre-commit-config.yaml. Ku sani ƙugiyoyin Git ba sa bin rumbu in an kwafe shi, kowa sai ya gudu pre-commit install da kansa, kuma ana tsallake su da --no-verify. Don haka hawa na uku ne mai hukunci: a gwajin da ke guduwa a sabar kan kowane aiki, matakin farko ya zama black --check --diff . da isort --check-only . kuma a hana haɗewa in ya faɗi. A sa shi gaba da sauran gwaje-gwaje don mutum ya sami amsa cikin daƙiƙoƙi.

Ɗan'uwanku na Kassala ku yi la'akari da shi a nan. Karon farko da pre-commit ya gudu yana sauko da kayan kowace ƙugiya daga intanet ya ajiye a ~/.cache/pre-commit, bayan nan ba ya buƙatar layi sai an canza siga. Ya gudu pre-commit install --install-hooks ranar da ya sami wuta da layi mai ƙarfi, don kada abin ya tsaya masa a tsakiyar komit. Ku kuma kada ku riƙa yin autoupdate kowane mako, duk sabuntawa sabon saukarwa ce a kansa. Sau ɗaya a shekara ya isa: in sigar Janairu ta Black ta fito, mutum ɗaya ya ɗaga lambar a pyproject.toml da .pre-commit-config.yaml a komit ɗaya, ya gudu Black a komit na biyu, lambar na biyun ta shiga .git-blame-ignore-revs. Canjin yakan zama kaɗan, rassan da ke buɗe su bi matakan A da B ɗin nan.

A fayil ɗin CONTRIBUTING ku rubuta sakin layi ɗaya, da Hausa da Larabci da Ingilishi in kuna so: umarnin girka kayan, umarnin gyara, ƙa'idojin ajami ukun nan, da cewa ba a ƙorafin siffa a wajen duba aiki. In baƙo ya kawo gyaransa na farko gwajin siffa ya faɗi, kada a mayar masa da jerin kurakurai. A ba shi umarni ɗaya, pre-commit run --all-files, in kuma ya yi kwana biyu bai amsa ba, ɗayanku ya gudu shi a reshen baƙon ya tura masa, tunda GitHub yana barin masu kula da rumbu su rubuta a reshen mai kawo gyara matuƙar bai cire alamar izinin ba.